Amshin da Na Kai Jidda

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya zo shagona a kasuwar Ƙaura, ko ɗinki ya kawo ko inuwa ya biyo, sai ya kurɓi zamzam, ya ci dabino, sannan ya gyara zama ya ce, "To Alhaji Iro, ya ƙasar take?" Na faɗa har bakina ya yi tsami. Wasu kuma ba ƙasar ce ta dame su ba, so suke su ji ko na ga Baba Jibo mai molo. Su waɗannan nakan ce musu na gan shi, yana lafiya, yana gaishe su, in ci gaba da taka kekena. To yau na gaji da gutsure maganar. Tunda yaƙi da jahilci bai bar ni a baya ba, zan rubuta ta daga tasha har inda ta ƙare.

Saboda yaran yanzu, bari in fara faɗin wane ne Baba Jibo. Makaɗin molo ne, kuma daga nan har Shinkafi babu kasuwar da ba ta san muryarsa ba. Bai taɓa yi wa sarki waƙa ba. Nasa mutanen su ne 'yan ci-rani, da manomin da fari ya cinye wa gona, da gwauron da ke dafa wa kansa tuwo. Yakan zauna gindin tsamiya ranar kasuwa, ya ɗora molo a cinya, kafin ya gama ɗaure tsirkiya an kewaye shi. Ni ne ɗan amshinsa, shekara goma sha ɗaya. Shi ya ja baiti, ya ɗaga yatsa daga tsirkiya, ya bar mini fili, ni kuma in cike. Aikin ke nan, kuma kada wani ya raina shi, don in ka shigo da wuri ka taka maigida, in ka makara ka bar shi tsirara a gaban jama'a.

Abin da ya cuce ni shi ne ban taɓa riƙe baitocinsa ba. Kunnena yana can yana jiran inda zai tsaya, ga shi kuma ba ya maimaita magana iri ɗaya sau biyu. Ranar da ya tashi zuwa Makka da matarsa Inna Hajara, cewa ya yi damina biyu zai yi. Aka shekara goma sha shida. Mun ji an ce Inna Hajara ta rasu a can, daga nan labari ya yanke. Ni aka bar ni da amshin waƙoƙi cike da ciki, babu mai ja mini. Ina ɗinki su kan kuɓuce mini, in yi amshi in yi shiru, in sake yin amshi, har maƙwabtana a kasuwa suka sa mini Iro mai rabin waƙa. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai.

Saboda haka niyya biyu na ɗauka. Ta farko in sauke farali. Ta biyu, wadda ban faɗa wa ko matata ba, in zauna gaban Baba Jibo ya ja in amsa ko da sau ɗaya ne kafin ɗayanmu ya mutu, in Allah ya yarda kuma in taho da shi gida. Har tsaraba na haɗa masa: fatar damo da aka jeme da kyau don rufe molo, da izgar doki ta yin tsirkiya.

Jirgin ƙasa ya kai mu Zariya, wani ya kai mu Kano. A nan aka yi mana allura, aka ba mu takardu, muka hau babbar mota zuwa Maiduguri. Mu arba'in da wani abu ne a bayan motar, kan buhuna. Kusa da ni wata tsohuwa ce daga Funtuwa, Gwaggo Asabe, wadda ta ɗauko ƙullin daddawa ya fi kanta girma. Da rana ta take, sai motar nan ta ɗauki wari. Wani malami ya ce mata, "Baiwar Allah, da wannan za ki je Ɗakin Allah?" Ta ce, "Malam, kai da cikinka za ka, ni ban ce ka bar shi gida ba." Aka yi ta dariya, malamin ya juya mata baya har Gamboru.

Daga Fallomi hanya ta zama abin da ta ga dama. Rairayi ne, mota ta yi tafiyar awa ɗaya ta kafe. Sai maza mu sauka, a shimfiɗa faranten ƙarfe ƙarƙashin taya, mu tura, ta fita, mu kwashi faranten mu bi ta da gudu. Na taɓa lissafawa a raina cewa tsakanin Fallomi da Abeshe rabin hanyar mu muka ɗauki motar, ba ita ta ɗauke mu ba. Takalmina ɗaya yana can cikin rairayin har yau.

A Adare, bakin iyakar Sudan, aka sauke mu ana binciken kaya. Wani mai kaki ya zaro fatar damon nan daga cikin adakata, ya ɗaga ta sama, ya yi ta surutu da Faransanci. Wani Babarbare ya fassara mini cewa wai ba a wucewa da fatar naman dawa sai da takarda. Na ce damo ne fa, damon da yara ke bi a bayan gari, tun yaushe ya zama giwa? Ina Hausa yana Faransanci, kowa yana ɗaga murya, har direba ya zo ya ce in na ƙara kalma ɗaya a nan zai bar ni. Haka na ga fatar ta shiga aljihun wandon mutumin. Izgar ta tsira don tana cikin hulata. Na yi kwana biyu ba na yi wa kowa magana, ni dai haka nake in raina ya ɓaci.

Mun yi kwana tara a zangon alhazai na Jinena ana duba takardu. A nan muka fara cin abincin ƙasar, wata aba wai ita kisra, fale-fale mai tsami, kamar an shanya ƙullun koko a rana. Kwana uku kowa ya rame. Sai ga malamin nan ya sulalo wajen Gwaggo Asabe da kwano a hannu, yana tambayar lafiyar ƙafarta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Warin ya tafi ke nan?" Ta ba shi dai, amma sai da ta sa ya ɗebo mata ruwa tulu biyu.

A Ubayyid, inda ake hawa jirgin ƙasa, wani mutum mai suna Abbakar ya sauke mu a gidansa. Bahaushe ne, can aka haife shi, can aka haifi ubansa. Ya ce kakansa ne ya taso daga Sakkwato za shi Makka. Na ce, "To kun je?" Ya ce, "Muna hanya, in sha Allah." Ya faɗa da gaske, ba wasa a fuskarsa. Gadajensu na igiya ne, kuma ba su san cin abinci kowa da kwanonsa ba, tire guda ake ajiyewa a kewaye shi. Bayan abinci a kawo gahawa mai citta a wani ɗan tulu, a zuba maka a abin da bai fi murfin kwalba ba, kuma sai ka sha uku.

Muna shan gahawar na tambaye shi ko ya taɓa jin wani makaɗin molo da ya wuce da matarsa. Ya ajiye kofi.

"Jibo? Ai shekara biyu ya yi wajenmu, lokacin kaka yana tafiya tsinkar auduga gonakin Jazira ya dawo. Ranar Juma'a in an sauko, sai ya zauna nan bakin zauren. Wallahi na ga tsofaffin da ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba suna kuka."

Na ce, "Wa ke yi mashi amshi?"

"Matarsa. Daga bayan zana, a hankali, don kada a ce mace na waƙa."

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Inna Hajara da ke ba ni tuwo da hannunta, amma sai na ji kamar an zauna mini a kujera. Daga baya na tuna ta rasu, na ji kunyar kaina.

Jirgin ƙasa ya kai mu Hartum, daga nan Bor Sudan, aka tsare mu a Sawakin kwanaki ana duba lafiyarmu. Ranar da Gwaggo Asabe ta ga teku, ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan duk ba mai noman rani a bakinsa?" A cikin jirgin ruwa ba wanda ya ci daddawa ko kisra. Kowa ya rungumi bokiti. Na sa harami ina layi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, na yi niyya da kyar.

Aikin Hajji ba zan tsaya kansa ba, malamai sun fi ni iya faɗa. Na ga Ka'aba, na yi kuka, na tsaya Arfa, na yi jifa, Allah ya karɓa. A Mina na yi ta duban ƙasa ina tunanin ko a nan Inna Hajara ta cika. Muka ziyarci Madina muka dawo Jidda, aka ce jirginmu sai nan da kwana shida. Waɗannan kwana shidan su ne nawa.

Jidda gari ne mai zafi, amma ba irin namu ba. Namu yana busar da kai, nasu jiƙa ka yake yi. Ka wanke riga da safe ka shanya, la'asar ta yi tana nan da danshi. Masaukin alhazai ya cika har ba wurin miƙe ƙafa, sai na koma wata gahawa, wato shagon shan shayi, inda ake ba da hayar dogayen kujerun igiya da suke kira mirkaz, da rana a sha shayi a kai, in an tashi da dare a kwanta a kai. Da safe in sayi burodinsu mai faɗi, tamis, in dangwala da ful, wato wake da aka dama da mai. Ba laifi, amma ba koko da ƙosai ba ne.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Ana kiran salla mai kanti zai yafa tsumma kan kayansa ya tafi, ba mai taɓawa. Maza su haɗu su yi ta sumbatar kumatun juna, amma gaisuwar ba ta da tsawo, ba mai tambayarka gajiya ko iyali ko kwanan baƙunta. Ruwa kuwa a gwangwani ake sayar da shi, kuma yawancin masu ɗaukarsa a kafaɗa namu ne, waɗanda ake kira Takari. Ka ga baƙin mutum da tsagen Gobir a fuska, ka yi masa sallama da Hausa, ya amsa maka da Larabci. Ban taɓa jin kaɗaici irin na garin nan ba, ga mutane kamar ƙasa amma ba wanda ya san sunan ubanka.

Kwana uku ina yawo ina tambayar Jibo mai molo. Ba wanda ya san shi. A rana ta huɗu aka ce in je Mahjar, unguwar da namu suka fi yawa. Ina shiga hancina ya jiyo ƙuli-ƙuli a kan wuta. Wani magidanci ne ke gasa tsire a bakin hanya, sunansa Umar, haifaffen Jidda. Na tambaye shi.

"Molo? Esh molo, mene ne shi, ya hajj? Ni ban san shi ba wallah. Istanna, bari a kira ummi, ita ta san mutanen da kullu, dukkansu."

Uwarsa ta fito, Hajiya Kande, tsohuwa tukuf, tun tana goye aka zo da ita daga Katsina. Na cire takalmi na durƙusa har ƙasa zan gaishe ta, yadda aka koya mana. Umar ya yi wuf ya cafko ni ta hammata ya miƙar.

"La, la, ya hajj! Haram! A nan ba a durƙusa wa mutum."

Na tsaya tsaye ƙiƙam gaban tsohuwa kamar marar tarbiyya, ban san inda zan sa hannuna ba. Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Ƙyale shi, Umar. Rabon da a durƙusa mini tun mijina na da rai." Na kwatanta mata Baba Jibo: gajere, mai wushirya, matarsa Hajara.

"Ammi Jibril kake nufi, haris, mai gadin nan? Wanda matarsa ta rasu a Mina? Ni na yi mata wanka. Amma shi ba makaɗi ba ne, ɗana. Mutum ne shiru-shiru, gadi yake yi a wani sito can Khumra, bayan gari. Sai ya yi wata uku bai shigo ba."

Na ce shi ne. Ta ce ita dai shekara goma sha uku ta san shi, ba ta taɓa jin ko tari ya yi da ƙarfi ba.

Washegari Juma'a. Bayan an sauko, Umar ya haɗa ni da wani direban motar siminti da zai bi ta can. Muka bar gari, gidaje suka ƙare, sai fili fetal da gishiri a kan ƙasa, ba ko itace ɗaya. Can sai ga wasu dogayen rumfunan kwano guda uku ko huɗu a tsaye su kaɗai. Direban ya nuna mini na ƙarshe, ya ce zai biyo da magariba.

Yana zaune a inuwar ƙofa kan buhu, kuliyoyi biyu a gabansa. Ya ƙanƙance, ido ɗaya ya yi fari, yana sanye da doguwar riga irin tasu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na yi masa kirarin da nake yi masa a kasuwa: "Jibo na Hajara, mai sa ɗan ci-rani ya tuna gida!" Kuliyoyin suka watse. Shi kuwa ya daɗe yana dubana da idon mai gani.

"Iro?" ya ce. "Kai, ka yi hurhura."

A nan na durƙusa, ba kuma wanda ya hana ni. Ya dafa kaina. Ya hura wuta ya dafa shayi, ya kawo ragowar tamis ɗin safe. Sai ya fara tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Ina Mudi mai kalangu? Ya rasu. Ina Ɗan'azumi, ƙanen shi Baban? Ya rasu shekara huɗu. Sarkin pawa? Ya rasu. Tsamiyar da yake zama gindinta a kasuwar Shinkafi? An sare, an yi tashar mota. Kowace amsa sai ya ce, "Tayyib," wato to shi ke nan, ya kurɓi shayi. Da na ga tambayar ta ƙare, na ce, "Baba, na zo in tai da kai gida."

"Gida wajen wa? Kai da bakinka ka ƙirga min su. Hajara na nan, ni ko ina da iƙama, takardar zama, kafilina da ya tsaya min mutumin kirki na, ba ya ɗaga min murya. Halas, Iro. Nan za a rufe ni."

Na ga ba fuska, sai na sauya magana. Na ciro izgar daga hulata na ba shi, na ba shi labarin fatar damo da mai kakin Adare. Ya yi dariya har wushiryarsa ta fito, ita ce dai ba ta tsufa ba.

"Da ka bar mashi da daɗin rai. Fata ba ta rayuwa garin ga. Molon da niz zo da shi, wata biyu danshi ya saki fatar, ta koma kamar tsumma. Lokacin kuma ba a kiɗa a fili, in an ji ka sai an yi maka faɗa. Sai ni aje shi."

Na ce, "Ashe gaskiyar Hajiya Kande, ka bari."

Ya ajiye izgar. Ya tashi ya shiga cikin siton, ya ɗaga wasu buhunan shinkafa, ya dawo da wani abu nannaɗe a tsohon zane. Molo ne, amma cikinsa gwangwanin man shanu ne na ƙasar, wuyansa sandar tsintsiya, tsirkiyarsa uku kuwa zaren kamun kifi da ya samo wajen masunta. Da a gida ne da yara ma sun yi masa dariya.

"Juma'a ba leburori," ya ce. "In an yi la'asar ni kan taɓa kaɗan, ni da kyanwoyi."

Muka yi la'asar mu biyu, shi ya ja. Muka shiga cikin siton muka zauna kan buhuna, ni a hagunsa, inda nake zama tun ina saurayi. Ya ɗaure tsirkiya. Da ya sa yatsa sai tsigar jikina ta tashi. Muryar gwangwanin siririya ce, tana da wani amo kamar kuka, amma hannun nasa ne, ba abin da ya rage. Ya ɗauko waƙar ɗan ci-rani, wadda duk kasuwa ke so. Muryarsa ta dushe, ta yi ƙasa, amma ta fi ta da daɗi. Ya ja:

"Hadari ya taso gabas, ni ina ƙasar wasu,
wa zai rufe min rumbu?"

Amshin wannan waƙar shi ne, "Gida na nan, Jibo, gida na nan." Na ja numfashi, na buɗe baki. Kafin in furta, sai ƙaramar tsirkiyar ta faɗe shi. Ba wai ta yi wani abu mai kama da shi ba, shi ta faɗa, hawa da sauka, har ɗan jan da nake yi a ƙarshe. Ban rufe bakina ba ya riga ya shiga baiti na biyu.

Na ce a raina kuskure ne. Na jira. Baiti ya ƙare, na yunƙura, tsirkiya ta riga ni. Na uku na shigo da ƙarfi, muka yi karo da ita, abin ya yi muni kamar mutum biyu sun shiga ƙofa ɗaya. Raina ya ɓaci. Na tura mota a rairayi, na yi amai a teku, don in zo zaren kifi ya ƙwace mini aiki?

"Baba," na ce, "ka bar min wurina mana!"

Ya tsaya, ya dube ni kamar yanzu ya tuna ina nan. "Na rufe ka?" Na ce sau uku. Ya ce, "To, bari mu sake." Ya sake ja. Da aka zo wurin, na ga yana ƙoƙarin ɗaga yatsan, amma yatsan ya tafi da kansa ya yi amshin. Ya yi tsaki, ya sake, haka dai. A karo na uku, yana kai ƙarshen baiti sai ya kifa tafin hannunsa gaba ɗaya kan tsirkiyoyin ya danne.

Siton ya yi tsit. Filina ke nan, shekara goma sha shida rabona da shi. Na ce, "Gida na nan, Jibo, gida na nan." Kwanon rufin ya dawo mini da muryata.

Ya ja na biyu, ya danne, na amsa. Ya ja wani sabo da ban taɓa ji ba, na wata mata da aka rufe a ƙasar da ba a shuka gero, ya danne, na amsa. Daɗin da na ji ba zan iya rubuta shi ba. Ina cikin jiran na huɗu sai na ji shirun ya yi tsawo. Na duba, hannunsa yana kan tsirkiya, hawaye na bin gemunsa.

"Halas, Iro. Bari hakanan."

"Na yi kuskure, Baba?"

"Ba ka yi ba. Ko ɗai ba ka yi ba." Ya share fuska da hannun riga. "Bayan Hajara ta rasu, in na zauna nan na ja baiti, sai in ɗaga yatsa in jira. Na san ba kowa, amma hannu ya saba. In jira, in ji iska na kaɗa kwano. Wallahi Iro, wanga shirun ya kusa taɓa min hankali. Shi ya sa ni koya ma tsirkiya ta amsa. Shekara shidda ina fama kahin ta iya, kahin in bar sauraren ƙofa. Yaushe jirginku?"

"Jibi."

"To ka gani. In ka buɗe min wurin ga ka tai, wa zai rufe min shi? Ba ni da wata shekara shidda."

Na ce zan zauna, in bar jirgin ya tafi, ai ana neman tela ko'ina. Ya ce, "Da wace takarda? Ɗiyanka nawa?" Na ce biyar. Ya ce, "Ka ji. Kada ka yi abin da niy yi." Na zo ne in karɓi abin da nake ganin nawa ne, ban taɓa tunanin me zai rage masa bayan na karɓa ba. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji tausayin kaina, don na gane amshi ukun nan su ke nan rabona.

Ya gyara molon a cinya. "Zauna dai, akwai sauran rana. Zan yi maka su duka, har waɗanda ba ka sani ba. Amma don Allah, ɗan nan, ka kama bakinka."

Na ce to.

Ya ɗauki waƙar daga farko. Da aka zo wurina na cije leɓe, tsirkiyar ta faɗa, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Haka muka yi har direban siminti ya danna ƙaho a waje, shi yana waƙa, ni ina riƙe da bakina.